Facin ƙarfe a jikin tsohuwar mota: Abin da ke riƙe shi kafin walda ta kama

Duk wanda ya saba bin hanyoyin da suka ratsa Beli da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Rogo, a yammacin Jihar Kano, ya san irin motocin da ke ɗauke da nauyin yankin a ranakun kasuwa. Mafi yawansu tsofaffi ne: Golf da aka yi wa lodi har ƙofar bayanta ba ta rufuwa, tsohuwar Hilux, da kuma jefi-jefi Fijo a-kori-kura wadda ta girmi direbanta. Su ke kwasar masara da dawa da rake da tumatir daga gonaki zuwa kasuwanni, su kuma komo da takin zamani da siminti. Injinansu na samun kulawa daidai gwargwado, domin in inji ya tsaya abinci ya tsaya. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne jikin motar, har sai ranar da fasinja ya hango ƙasa tana gudu ta ƙarƙashin ƙafarsa.

A wannan rana ce ake nufar mai walda, a ce ya sa faci. A ido aikin ba shi da wuya: a yanke inda tsatsa ta ci, a yanko lafiyayyen ƙarfe daidai wurin, a haɗa. Sai dai tsakanin yanko facin da kunna wuta akwai wani mataki da mai mota ba ya lura da shi, wato yadda za a riƙe facin ya tsaya cak a mazauninsa. Mai waldar gas hannu biyu gare shi, kuma duka suna da aiki: ɗaya na riƙe da bakin wuta, ɗaya na riƙe da wayar da ake narkawa. To wa zai riƙe facin? A kan amsar wannan tambaya ne gyaran jikin mota ke yin kyau ko ya lalace, tun kafin a narka ko ɗigo guda.

Motocin da suka ƙi tsufa

Fijo 504 ta fara fitowa ne a Faransa a 1968, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta shekarar 1969. A 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda ake yi a kan hanyoyin ƙura da taɓo. A wannan shekarar ce kuma kamfanin haɗa motocin Fijo da ke Kakuri a Kaduna ya fara aiki, daga nan 504 ta zama motar gwamnati, motar haya, motar alhazai. Turai ta daina ƙera samfurinta na salun a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000. Ke nan akwai 504 da ke yawo a ƙasar Kano wadda ta haura shekara 40, akwai kuma wadda ba ta wuce 20 da 'yan kai ba.

Ƙungiyar masu adana tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, tana ƙidaya mota cikin motocin tarihi idan ta kai shekara 30 da ƙerawa kuma ana kula da ita yadda aka ƙera ta. Da ma'aunin shekaru kaɗai, Golf 2 da aka ƙera tsakanin 1983 da 1992 ta shiga sahu, haka ma rukunin farko na Golf 3 da ta fara fitowa a 1991. A Turai irin waɗannan motoci ana killace su a gareji, a fito da su ranar baje koli. A Rogo da Karaye kuwa buhun masara suke ɗauka. Duk da wannan bambanci, ƙarfe ɗaya ne, wuta ɗaya ce, kuma dabarun da masu farfaɗo da motocin tarihi suka daɗe suna amfani da su na da amfani ga mai walda na bakin tasha, musamman da yake yawancinsu ba sa buƙatar kuɗi mai yawa.

Akwai dalilin da ya sa batun ya wuce na ado. Motoci irin su 504 salun da Golf ba su da wani ƙashin baya na daban da aka ɗora jiki a kansa. Jikin ne da kansa ke ɗauke da nauyi: daɓen ƙasa, dokin ƙofa, ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi, da mazaunin da ƙafafun mota ke manne. Ramin tsatsa a irin waɗannan wurare rauni ne a ƙashi. Ramin da ke daɓen ƙasa kuma kafa ce da hayaƙin salansa ke bi ya shiga cikin mota, hayaƙin da ke ɗauke da iskar guba marar wari wadda ke sa direba jiri da gyangyaɗi.

A ƙasashen sanyi gishirin da ake watsawa a kan titi saboda ƙanƙara shi ke cinye motoci. A nan kuwa masu cin ƙarfen daban ne. Takin zamani da ya zube a bayan a-kori-kura yana janyo laima ya riƙe ta. Ruwan batir na cinye mazaunin batirin. Fitsari da kashin dabbobi, ruwan tumatir da ya fashe, da taɓon damina da ke maƙalewa a kewayen taya ya kwana uku bai bushe ba, duk suna aiki a ɓoye. Tsatsa kuma ta fi fara ci daga ciki, ta yadda ƙurjin da aka gani a kan fenti ɗan manuniya ne kawai ga ɓarnar da ke bayansa.

Me ya sa faci ke gudu?

Ƙarfen jikin mota siriri ne ƙwarai. A ƙofa da murfin inji da kewayen taya kaurinsa bai cika wuce milimita 1 ba, sau da yawa ma 0.8 ne. A wuraren da ke ɗauke da nauyi yakan kai 1.5 zuwa 2. Harshen wutar gas da ake samu daga haɗuwar iskar oksijin da iskar kabayid yana haura digiri 3,000 a ma'aunin Selshiyos, alhali ƙarfen na narkewa a wajen digiri 1,500. Ke nan ana tunkarar abin da bai fi kaurin kwali ba da wutar da ta ninka abin da yake iya jurewa.

Ƙarfe idan ya ji zafi yana buɗewa. Sandar ƙarfe mai tsawon mita 1, in zafinta ya ƙaru da digiri 100, tana ƙara tsawon milimita 1.2. Da a ce ana gasa fallen gaba ɗaya ne, da ya buɗe tare ya koma tare ba tare da matsala ba. Amma walda wuri ɗaya take gasawa. Wurin da ya yi ja yana son ya buɗe, ƙarfen da ke kewaye da shi mai sanyi ya hana shi, sai ya cushe cikin kansa ya ƙara kauri saboda ya yi laushi. Da ya huce kuma sai ya tsuke, ya koma ƙasa da girmansa na farko, ya janyo duk abin da ke manne da shi. Wannan tsukewar ce ke sa facin da aka ɗiga wa walda a kusurwa ɗaya ya ɗaga kai a ɗaya kusurwar, ko tazarar da aka bari ta rufe, bakin facin ya hau kan bakin jikin mota.

Babu wani matsi da zai hana ƙarfe tsukewa. Abin da riƙo mai kyau ke yi shi ne ya tabbatar fuskar facin da fuskar jikin mota suna daidai da juna a lokacin da ɗigon farko ke kamawa, kana ya hana facin juyawa har sai ɗigogin sun yi yawan da za su karɓi aikin. In aka sami saɓanin rabin milimita a wannan lokaci, ya zauna ke nan. Daga baya sai dai a gurje wurin da ya ɗago har ƙarfen ya zama kamar takarda, ko a lafta masa fila a rufe aibin.

Baki da baki, ko ɗaya bisa ɗaya

Kafin maganar abin riƙo, sai an yanke shawarar yadda facin zai zauna. Hanya mafi sauƙi, wadda kuma aka fi gani a gareji, ita ce a yanko facin ya fi ramin girma, a ɗora shi a kai, a bi gefensa da walda. Riƙonsa ba wuya, tunda yana da abin da zai kwanta a kai. Aibinta shi ne tsakanin fallayen biyu akwai siririn sarari da fenti ba ya shiga amma ruwa na shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsaga ce da mai gyara ya gina da hannunsa. Bayan damina kaɗan tsatsa ke dawowa, a wannan karo ta ci har da lafiyayyen ƙarfen da ke kewaye.

Hanya ta biyu ita ce a yanka facin daidai da ramin, ya shige ciki, baki ya haɗu da baki. Ita ce ta fi inganci a fuskar mota da ake gani, domin ba ta barin maɓoyar ruwa, kuma ana iya kai guduma ta gaba da ta baya a daidaita. Amma ita ce mai wuyar riƙo, saboda facin ba shi da abin dogaro. In an sake shi faɗawa ciki zai yi. Ɗora faci bisa jiki na da muhallinsa, musamman inda kamfani da kansa ya haɗa fallayen a haka, kamar leɓen daɓen ƙasa. A can akan huda ramuka a fallen sama, a matse shi da na ƙasa, a cike ramukan da walda, abin da ke kwaikwayon ɗigon waldar kamfani.

Masu ƙwarewa kan fara da kwali. Su zana siffar wurin a kai, su yanko ƙarfen, su lanƙwasa shi har ya bi siffar motar, sannan su ɗora shi a kan wurin da ya ruɓe su zaga gefensa da tsinin ƙusa, su yanke jikin motar a kan wannan layi. Da haka ramin ke bin facin, maimakon a yi ta fama facin ya bi ramin. Kusurwoyin kuma a zagaye su, domin kusurwa mai tsini tana tara zafi ta ƙone. Facin da aka lanƙwasa da kyau kusan shi ke riƙe kansa. Wanda sai an danne shi da ƙarfin tsiya kafin ya zauna kuwa, yana nan da niyyarsa ta komawa yadda yake da zarar wuta ta sassauta shi.

Daga awartaki zuwa maganaɗisu

Abin riƙo mafi daɗewa shi ne awartakin maƙeri, kuma har gobe ana ganin yaron shago tsugune riƙe da faci da filaya, ko yana danne shi da ƙotar guduma, maigida na walda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma hannun mutum na rawa, kuma mutum na kau da kai in tartsatsi ya taso. Bugu da ƙari, yaron da ke riƙe da facin fuskarsa na kusa da wuta kamar ta maigidan, sau da yawa kuma shi ba shi da tabarau. A waldar lantarki hasken na ƙona ƙwayar ido, ciwon da ba ya tashi sai cikin dare, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi. Wannan kaɗai ya isa dalilin neman abin da zai maye gurbin hannun yaro.

Filaya mai kulle kanta ita ce mataki na gaba. Wani maƙeri ɗan asalin Denmak mai suna William Petersen ne ya ƙirƙiro ta a garin DeWitt na Jihar Nebraska a Amurka, a 1924, aka kuma san ta da sunan Vise-Grip. Matsalar da ya so warwarewa ita ce ta kowane maƙeri: awartaki na riƙo ne muddin hannu na matse shi. Irin wannan filaya, musamman mai faɗin baki da mai baki kamar ƙaho wadda ke tsallake leɓe, ba ta da na biyu a gefen ƙofa, bakin kewayen taya da dokin ƙofa. In aka haɗa da ɗan guntun ƙarfe miƙaƙƙe a baya, aka matse facin da jikin motar a kansa, fuskokin biyu sun daidaita ke nan. Iyakarta ita ce tsawon bakinta. Facin da ke tsakiyar ƙofa ko tsakiyar daɓe ya fi ƙarfinta.

A nan maganaɗisu ke shigowa, kuma ba sai an saya ba: kowace tsohuwar lasifika na da shi a bayanta. Ana ɗora shi ya haye layin haɗin, rabi a kan faci rabi a kan jikin mota, sai ya janyo su su yi daidai da fuskarsa. A wurin da ke shimfiɗe, dabara ce mai kyau. Amma tana da sharuɗɗa uku da ya kamata a sani. Na farko, zafi maƙiyin maganaɗisu ne. Ƙananan nan masu sheƙi da ƙarfin tsiya sukan fara rasa ƙarfinsu daga wajen digiri 80, kuma ba ya dawowa. Baƙin nan na lasifika ya fi su juriya, amma shi ma in harshen wuta ya lashe shi yana iya tsagewa. Shi kansa ƙarfen da ake waldawa, in ya kai digiri 770, maganaɗisu ba ya kama shi. Na biyu, a waldar lantarki maganaɗisu na karkatar da wutar, ta riƙa fizga gefe tana tofar da narkakken ƙarfe, don haka ɗigon farko sai a yi shi nesa da shi, a cire shi da zarar facin ya kama. Na uku, yana tara garin ƙarfe a bakin haɗin, wanda in ba a share ba zai shiga cikin waldar.

Akwai kuma motocin da maganaɗisu bai san da zamansu ba. Fallayen jikin tsohuwar Land Rover na alminiyom ne, shi ya sa ba sa tsatsa irin ta ƙarfe, shi ya sa kuma facinsu da waldarsu wani fanni ne daban.

Masu farfaɗo da motocin tarihi a Turai da Amurka na da wani ɗan matsi da aka yi musamman don haɗin baki da baki. Siririn harshe ne na ƙarfe da ke ratsa tazarar da ke tsakanin faci da jiki, a zura masa ɗan sanda ta baya, a ɗaure noti ta gaba, sai fallayen biyu su matsu a tsakanin sandan da wani ɗan akwati. Yana daidaita fuska, yana kuma barin tazara iri ɗaya, kimanin milimita 1, a duk kewayen. Duk mai walda da ya gan shi sau ɗaya zai iya ƙera shi da guntun bututu mai kusurwa huɗu da ƙusa da noti. Sharaɗinsa shi ne hannu ya iya kaiwa bayan fallen, don a zura sandan a kuma cire shi. Ya kamata a lura kuma cewa tazarar da yake bari ta fi dacewa da injin walda mai tura waya da kansa. Mai waldar gas ya fi son bakin ya haɗu ƙam, ko kusa da haka, domin tazara mai faɗi na buƙatar ƙarin waya, ƙarin waya na nufin ƙarin zafi, ƙarin zafi kuma ƙarin tsukewa.

Daga masana'antar ƙera jiragen sama aka aro wani abin riƙon da ake kira Cleco, sunan da ya samo asali daga wani kamfani na birnin Kilibland a Amurka. Ɗan maƙalli ne mai sifirin da ake zurawa cikin ramin da aka huda ta fallaye biyu, galibi mai faɗin milimita 3 da ɗoriya, ya matse su, a kuma cire shi cikin daƙiƙa guda. Amfaninsa shi ne ana iya cire faci a gyara a mayar sau goma, kullum ya koma mazauninsa na farko. Wanda ba shi da shi, ƙaramin sukuru mai huda wa kansa hanya na yin aikin. Ko a haɗin baki da baki ana iya amfani da shi: a yanko 'yan guntayen ƙarfe kamar faɗin yatsa, a gitta su a kan layin, a ɗaure kowanne da sukuru biyu, ɗaya a faci ɗaya a jiki. Bayan an gama a cire su a cike ramukan da walda. Kuskuren da ake yi shi ne barin sukurun a ciki a shafe kansa da fila, ya zama ƙofar ruwa.

Dabarar da ta fi dacewa da gareji marar kayan aiki wataƙila ita ce mafi sauƙi duka: a ɗiga wa ƙusa ko guntun waya walda a tsakiyar facin, ta zama mariƙi. Da ita za a zura facin cikin ramin da bayansa a rufe yake, kamar dokin ƙofa, a janyo shi ko a tura har fuska ta daidaita. In aka gitta wani sanda a kan ramin aka ɗaure mariƙin a jikinsa, hannu ma ya huta. In an gama a karya ƙusar a gurje gurbinta. A daɓen ƙasa kuwa jak da guntun katako daga ƙasa sun wadatar, muddin katakon na nesa da layin wuta kuma motar na tsaye a kan abin da ya fi jak aminci.

Jan ƙarfe ma na da rawar da yake takawa. In aka daddale guntun bututunsa ya zama falle aka tokare shi a bayan layin haɗin, yana tallafe narkakken ƙarfe kada ya zube, yana kuma kwashe zafi. Shi jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1,085, ƙasa da ƙarfen mota, amma saurin da yake watsa zafi ya sa ba ya narkewa a ɗan lokacin ɗigo, kuma waldar ba ta manne masa. Ya fi amfani ga masu waldar lantarki, waɗanda siririn falle ke saurin hujewa a hannunsu.

Inda riƙo ke miƙa aiki ga ɗigo

Duk waɗannan kayan riƙo na wucin gadi ne. Mariƙin faci na gaskiya shi ne jerin ɗigogin walda da ake fara yi masa, kuma yadda aka jera su na da muhimmanci kamar matsin da ya gabace su. Ba a farawa daga kusurwa a bi layi. Ana ɗiga ɗaya a nan, a tsallaka ɗaya gefen a ɗiga na biyu, a koma tsakanin su, ana zagayawa har tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo ta dawo kamar santimita 2 zuwa 3. Bayan kowane ɗigo a shafa bayan hannu kusa da wurin a ji zafinsa, a duba ko fuska na nan daidai.

In aka ga tazara ta fara rufewa, alama ce ɗigon ya tsuke ya janyo. Maganinsa a tokara dunƙulen ƙarfe mai santsi a bayan ɗigon, a buga shi da guduma ta gaba, bugu kaɗan mai kaifi. Bugun na shimfiɗa ɗigon ya mayar da abin da tsukewa ta ci. A nan waldar gas ta fi ta injin waya, domin waldarta na da laushi, tana karɓar guduma ba tare da tsagewa ba. Ke nan kayan aikin da ake yi wa kallon na ƙauye suna da fifikonsu a hannun wanda ya iya, kuma da irinsu aka ƙera jikin motocin alfarma da hannu shekaru da dama.

Bayan ɗigogi sun kewaye, sai a cike tsakaninsu guntu-guntu, ana tsallake-tsallake, ana barin wuri ya huce. Watsa ruwa a kan jan ƙarfen walda don a yi sauri na ƙara tsukewa, yana kuma iya sa wurin ya yi tauri. Gaggawar mai mota da ke son komawa lodi kafin la'asar na daga cikin abubuwan da ke ɓata faci, kuma ba laifin mai walda ba ne shi kaɗai.

Ƙarfen da za a yi facin da shi

Faci mafi dacewa shi ne wanda kaurinsa ya yi daidai da na wurin da za a sa shi, kuma mafi sauƙin samunsa shi ne daga ƙofa ko murfin injin wata matacciyar mota. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna sun shahara da irin waɗannan kaya. Faci mai kauri fiye da kima ba ƙarin ƙarfi ba ne: wutar da za ta narka shi ta riga ta huda siririn da ke gefensa. Kwanon rufi kuwa ya yi siriri, kuma an lulluɓe shi da tutiya, wadda ke tafasa a digiri 907, wato tun kafin ƙarfen ya narke. Farin hayaƙin da take fitarwa na sa zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan sa'o'i, yana kuma barin ƙofofi a cikin waldar. Masu yanka duro don samun falle su ma suna wasa da rai in ba su san abin da duron ya taɓa ɗauka ba, domin tururin fetur ko na sinadari na daɗewa a cikin duron da ake zaton babu komai.

Wannan haɗari na nan a jikin motar ma. Bututun mai da na birki da wayoyin wuta suna bi ta ƙarƙashin daɓen da ake facin. Kafin a kunna wuta sai an cire kan batir, an ɗaga shimfiɗar ƙasa da soson da ke ƙarƙashinta, an kankare baƙin kwaltar da kamfani ke shafawa, an kuma cire tanki in aikin na kusa da shi. Wanda aka 'yanta daga riƙon faci, wato yaron shago, a nan aikinsa yake: ya tsaya ta ɗaya gefen da bokitin ruwa ko yashi yana kallon inda maigida ba ya gani.

Mai mota da ba ya walda na iya tantance aikin da aka yi masa. Ya nemi ganin facin kafin a shafa fila, ya shafa hannu a kan layin ya ji ko akwai tudu, ya leƙa ta baya ya ga ko waldar ta ratsa. Ya haska tocila ta bayan da dare ko a inuwa: duk inda haske ya ɓullo, ruwa ma zai bi. Ya tabbatar an shafa fentin hana tsatsa a bayan facin, domin wuta ta ƙone wanda ke wurin, kuma ƙarfen da aka gasa ya fi saurin tsatsa. Mai sayen tsohuwar mota kuma ya riƙe ɗan maganaɗisu a aljihu, ya bi dokin ƙofa da kewayen taya da shi. Inda ya kama da ƙarfi akwai ƙarfe a kusa. Inda ya saki, fila ce mai kauri ke ƙarƙashin fentin.